Abin da Katsu ya saki da abin da ya riƙe

Japanawa suna da wata karin magana, "makeru ga kachi", wato wanda ya sakar wa abokin rigimarsa shi ne ya ci. Tsohuwar magana ce, har tana cikin katin wasan karin magana na yaran birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma abin da ya sa maganar ta zauna mini shi ne labarin yadda aka miƙa Edo ɗin kansa a 1868.

Gidan Tokugawa ya riƙe mulkin Japan tun 1603, sama da shekara 260. Da rundunar da ke yaƙar gidan Tokugawa da sunan Sarkin Japan ta doso Edo, birnin da ke da mutum kusan miliyan ɗaya, akwai mayaƙan Tokugawa da yawa da suka ce a fafata, kuma suna da makamai da jiragen ruwan yaƙi. Katsu Kaishu, wanda aka ɗora wa al'amarin soja a ɓangaren Tokugawa, bai bi su ba. Ya zauna da Saigo Takamori, jagoran ɗaya ɓangaren, suka yi magana ido da ido, aka miƙa fadar Edo ba tare da an zubar da jini ba.

Abin da nake jan hankalin ɗalibaina a kai shi ne Katsu bai je zaman nan hannu rabbana ba. Ya san abin da zai saki, ya san abin da zai riƙe. Ya ba da fadar, amma aka bar wa maigidansa Tokugawa Yoshinobu ransa, gidan Tokugawa bai ruguje ba, an mayar da shi yankin Shizuoka, talakawan Edo kuma suka kwana a gidajensu ba a cinna musu wuta ba. Bai tsira daga bakin mutane ba. Wasu mayaƙan sun ƙi yarda, suka yi tunga a unguwar Ueno da ke Edo, aka murƙushe su cikin yini ɗaya. Daga baya ma shahararren masanin nan Fukuzawa Yukichi ya soki Katsu, ya ce sallamawa ba faɗa ta zubar da jarumtar samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan. Ina ganin girman Fukuzawa, amma a nan ina bayan Katsu, domin jarumtar da za a saya da rayukan masu sayar da kifi da masu saƙa ta yi tsada da yawa.

A ɗakin malamai na ga amfanin wannan. Lokacin da aka ba ni shugabancin sashe, rabon jadawalin darussa ya haɗa ni da wani dattijon malami da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ajiye takardar a kan tebur, ya dafe ta da tafin hannu, ya ce, "Yaro, ni ba na shiga aji bayan ƙarfe goma sha biyu." Ƙa'ida tana bayana, kuma sauran malamai sun yi tsit suna jiran su ga yadda za ta kaya. Amma abin da nake bukata daga wurinsa ba sa'o'in rana ba ne. Babu wanda ya kai shi iya shirya 'yan ajin ƙarshe domin jarrabawar WAEC. Sai na ce, "Baba Malam, an gama, ni zan ɗauki na ranar. Alfarma ɗaya nake nema, ka riƙe mana 'yan aji uku da safe." Ya ɗan dube ni, ya ɗauke hannunsa daga kan takardar. Wasu sun ce na ji tsoro. Mu dai a nan mun san durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ga wanda ya haife ka a aiki. Yaran sun sami malamin da ya dace da su, shi kuma tun daga ranar ya zama mai tsaya mini a taron malamai.

Sai dai maganar tana da iyaka, kuma iyakar ta fi komai muhimmanci a wurina. Mutum yana iya sakin abin da yake nasa: lokacinsa, girman kujerarsa, daɗin a ce shi ne da gaskiya. Ba ya da ikon sakin haƙƙin wani. An taɓa matsa mini in ƙara wa wani yaro maki saboda mahaifinsa mai faɗa a ji ne, har da masu cewa in yi haƙuri a zauna lafiya. Na ƙi, domin matsayin da za a ba shi na wata yarinya ne da ke zama a layin baya, wadda ta yi karatunta da fitilar waya, ba ta kuma da wanda zai zo ofis ya yi magana a madadinta.