Abin da na gani a laptop ɗin ƙanena

Jama'a wallahi har yanzu abin bai sake ni ba. Ƙanena da ke karatun fiziks a Aliero ya zo hutu Birnin Kebbi, jiya da dare ya kunna min wani simuleshan, wato kwaikwayo a kwamfuta, da yake yi da manhajar LAMMPS kan yadda wasu mitsi-mitsin bututun kabon ke tsirowa a cikin abin da ya kira plasma, ina zaune ina kallon ƙwayoyin zarra na kabon suna faɗowa kan ɗan ƙwallon ƙarfen nikel, suna ta kai-komo, can sai ga su suna haɗa zobe mai kusurwa shida, ɗaya na kama ɗaya, har bututu ya fara tasowa.

Na ce Auta mene ne plasma ɗin? Ya ce Yaya ai ka san hasken nan na masu walda, to shi ne, iskar gas ce da ta rabu da wasu lantarkinta. A irin wannan tartsatsin ne Sumio Iijima na Japan ya ga bututun kabon a 1991. Yanzu kuma idan za a haɗa bututun, iskar gas ta mitan da ta haidurojin ake zubawa, plasma ta farfasa mitan ɗin, haidurojin na share kabon da ya zauna ba daidai ba, ƙarfin lantarki kuma ya miƙar da bututun su tsaya cirko-cirko kamar shinkafa a fadamar Argungu.

Abin da ya fi taɓa ni lokacin ne. Kowane taki na lissafin kusan kashi 1 ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa, laptop ɗin ta kwana tana huci tana zafi amma lokacin da ta lissafa ko ƙiftawar ido bai kai ba, shi ya sa yake ta neman gurbi a babbar kwamfuta. Don Allah duk wanda ya san hanya ya taɓa ni.