Kafin a fita titi: abin da nake bar wa masu ci gaba da horar da matasa a Sakkwato

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin horar da matasa kan neman haƙƙi cikin lumana, kuma ƙannena da za su ci gaba da shi sun ce in bar masu wani abu a rubuce. Abin da ke cikin takardun horo kun riga kun sani. Kuskure ɗaya nake so in daɗe a kansa, domin shi ke cinye yawancin fitowar da ake yi: a tara jama'a kafin a tsai da abu guda da ake nema, kafin a san wanda ke da ikon sa hannu a kansa.

Wannan kuskuren har Martin Luther King, jagoran neman haƙƙin baƙaƙen fata, ya taɓa faɗawa cikinsa, a garin Albany na jihar Georgia a Amurka. An fara a watan Nuwamba 1961. Baƙaƙen fatar garin suka tashi neman a kawar da wariya a ko'ina a lokaci guda: tashar mota, ɗakin karatu, wuraren shaƙatawa, wuraren cin abinci, har da rajistar zaɓe. Shugaban 'yan sandan garin, Laurie Pritchett, ya zauna ya yi nazarin dabarunsu. Ya hana yaransa dukan kowa a gaban 'yan jarida. Ya shirya da gidajen yarin garuruwan kewaye, duk wanda aka kama sai a kwashe shi a kai can, don haka shirin cika gidan yarin garin har hukuma ta rasa wurin ajiye mutane bai ci ba. A watan Yuli 1962 aka yanke wa King ɗaurin kwana 45 ko tarar dala 178, ya zaɓi ɗauri. Bai yi mako ba aka biya tarar a ɓoye aka fito da shi, don kada zamansa ya ja hankalin duniya. A watan Agusta ya bar garin. An kama mutane sama da dubu, amma ba wata yarjejeniya a hannu. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa da sun ɗauki fanni ɗaya na wariyar sun tsaya a kai, da ya fi. Mutanen Albany ba su daina ba, sun ci gaba da rajistar masu zaɓe, kuma wannan ya yi masu amfani, sai dai an sha wuyar da bai kamata a sha ba.

Ku duba allunan da matasanmu ke rubutawa idan za a fito: tsadar rayuwa, 'yan bindiga, rashin aiki, wuta, ruwa, kuɗin makaranta. Duk gaskiya ne, mutanen gabashin jihar nan sun san ciwon wasunsu fiye da kowa. Amma wa zai karɓi allo mai buƙata goma sha biyu ya ce ya biya? Jami'in da aka turo zai karɓi takarda, ya yi godiya, ya ce zai isar, a ɗauki hoto, a watse. Taki sai mai gona, buƙata kuwa sai mai ikon biyanta. Idan ruwa ne ya ɗauke a unguwa, a rubuta sunan unguwar, tun yaushe famfo ya bushe, wane ofishi ke da alhaki, ranar da ake so a ga ruwa, da abin da za a yi idan ranar ta wuce. Layi biyar ya isa.

Ina da ƙorafi a nan, ba zan ɓoye ba. Akwai shugabannin da ke auna aikin nan da yawan kawunan da suka fito a hoto, domin hoton ne ke shiga rahoton masu ba da tallafi. Mai cewa a dakata a yi wata biyu ana shiri, shi ake kira matsoraci a wurin taro. Ranar da abu ya ɓaci kuwa, shi ne ke kwana a ƙofar caji ofis yana neman belin 'ya'yan mutane, wanda ya ce a fito wayarsa a kashe. Idan irin wannan shugaba ya matsa maku, ku nemi ya ba da umurnin a rubuce, tare da sunan lauya da kuɗin da aka ware wa beli.

Montgomery ta jihar Alabama ita ce misalin da nake so ku haddace. Kowa ya san an kama Rosa Parks ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi wa Bature a bas. Kaɗan ne suka san ta daɗe tana sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ko cewa Jo Ann Robinson da ƙungiyarsu ta mata sun kwana suna buga dubban takardun kiran a ƙaurace wa bas. Buƙatun farko uku ne kacal: direbobi su riƙa mutunta fasinja, wanda ya riga shiga ya riga zama, a ɗauki baƙaƙen direbobi a layukan unguwanninsu. Ƙauracewar ta kai kwana 381. Abin da ya riƙe ta shi ne sufuri. Da farko masu tasi baƙaƙe suka riƙa ɗaukar mutane a kan santi 10, kuɗin bas, sai hukumar gari ta yi barazanar hukunta mai karɓar ƙasa da santi 45. Suka koma ga motocin sa-kai wajen 300, da tashoshin ɗauka da jadawali. Da aka janye masu inshora, suka nemo a Landan. Wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna sayar da abinci suna zuba kuɗin mai. A gefe guda lauyoyi na kotu, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin wariyar bas a Nuwamba 1956.

Don haka idan kun ce wa mutane su ƙaurace wa wani abu, ku fara amsa tambayar ɗan kabu-kabu da mai keke napep: me zan kai gida yau? Mai neman na cefane kullum ba zai yi maku kwana uku ba idan ba a tanadar masa mafita ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Sai horo. A Nashville ta jihar Tennessee a Amurka, James Lawson ya kwashe watanni tun 1959 yana koyar da ɗalibai, cikinsu da Diane Nash da John Lewis, kafin su fara zaman dirshan a shagunan cin abinci ranar 13 ga Fabrairu 1960. Ana jera kujeru, wasu su zauna, wasu su zama masu tsokana: zagi, hura hayaƙin taba a fuska, ture mutum daga kujera. Wanda hannunsa ya tashi, a ba shi wani aikin da ba na sahun gaba ba. Ranar 10 ga Mayu shagunan suka fara sayar wa baƙaƙe abinci a teburi ɗaya da Turawa. Ku yi irin wannan gwajin, kuma ku yi shi da Hausa. Yaron da ke murmushi idan an ture shi, ku ga yadda jijiyar wuyansa ke tashi idan aka ambaci uwarsa. Nan ne gwajin yake. A maimaita aƙalla zama huɗu, a koya masa zama ƙasa, riƙe hannun na kusa, da rufe kai da gwiwar hannu.

Ranar fita, kowane mutum ashirin su sami mai kula da sahu ɗaya, da alama a hannu wadda ba a raba ta sai da safiyar ranar, don kada a kwaikwaya. Ku san zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40: a fara da ƙarfe bakwai da rabi, a tashi kafin Azahar. Ledar ruwa biyu ga kowane mutum, wato mutum 200 jaka 20. Kada a bi ta bakin Babbar Kasuwa, kada a fito bayan saukowa daga Juma'a, domin a nan ba ku iya tantance naku da wanda ya shigo da tasa manufar. Sunan kowa da lambar wani nasa su kasance a hannun mutum biyu da ba za su fito ba.

Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taro, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda ba. Duk da haka ku sanar da su a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu cikin kilomita 40.

Yara kuwa, a Birmingham ta jihar Alabama a 1963 an fito da 'yan makaranta, hotunan karnukan 'yan sanda da ruwan 'yan kwana-kwana da aka sakar masu suka girgiza Amurka. Ni ban yarda a kwaikwayi wannan a nan ba. Mun ga yaran da aka gurfanar a Abuja a Nuwamba 2024 bayan zanga-zangar Agusta, wasu na faɗuwa a cikin kotu. Almajiri ko ɗan ƙasa da shekara 18 ya biyo ku, a mai da shi.

Ku je wa masu unguwa da limamai tun kafin ku buga takarda. Mutum ɗaya kaɗai ke magana da 'yan jarida. Kuɗi a hannun mutum uku, da rasit.

A tsai da wanda ke da ikon cewa a watse, kuma kowa ya amince tun a ɗaki. Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ƙin ba Turawan mulki haɗin kai a Indiya baki ɗaya a Fabrairu 1922 bayan an ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura, abokansa na fushi da shi. A wurinmu alamar ita ce dutse na farko ko taya ta farko da aka cinna wa wuta: a busa usur sau uku, kowa ya zauna ƙasa, sannan masu kula da sahu su fitar da mutanensu rukuni-rukuni ta hanyar da aka zaga aka duba tun jiya.