Yadda na yi wa fitilata rajista, da inda ƙarfin takardun ya tsaya

Fitila nake ƙerawa, irin mai caji da hasken rana. Babu wani abin a zo a gani a jikinta in ban da mahaɗin da ke tsakanin faifan da ke karɓar rana da gangar fitilar: na yi shi yadda faifan zai juya ya tsaya cak duk inda aka karkata shi, ba tare da noti ba. Wannan mahaɗin, da sunan da na raɗa wa fitilar, da zanen da ke jikin kwalinta, su ne jarina. Da na yanke shawarar kare su, sai na nufi ofishin wata lauya da ta ƙware a harkar mallakar fasaha.

Ba ta ko ɗauki biro ba sai da ta jefo min tambaya: "Malam, su wa suka ga abin nan?" Na ce daga ni sai yaron da ke taya ni aiki. "Ka sa hotonsa a Facebook? Ka sayar ko da guda ɗaya? Ka kai shi baje koli?" Na ce a'a Barista, sai wata mai zuwa nake shirin fitar da shi. Ta ce, "To ka taki sa'a. Wata mai zuwan nan kuma ka ɗaga shi."

Dalili shi ne, takardar mallakar ƙirƙira, wato fatent, ba a ba da ita sai ga abin da yake sabo fil a ranar da aka shigar da buƙata, kuma sabo a duniya baki ɗaya, ba a ƙasarka kaɗai ba. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, kai kanka za ka iya kashe sabuntar abinka. Bidiyo ɗaya da ka ɗora kana nuna yadda yake aiki ya isa ya zama hujja a kanka. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara 1 bayan ya bayyana abinsa, amma a tsarin Turai babu irin wannan sassauci sai a wasu yanayi ƙalilan. Sannan kusan ko'ina wanda ya riga shigar da takarda shi ne da abu, ba wanda ya riga yin tunani ba. Ita kanta Amurka da ta daɗe tana bin wanda ya fara ƙirƙira ta koma wannan layi a 2013. Ranar nan yarona ya sa hannu a takardar riƙe sirri, haka ma mai zuba min roba.

A zaman nan na gane cewa abubuwana uku ƙofofinsu uku ne, babu wadda take buɗe 'yar uwarta. Mahaɗin fatent yake nema. Sunan rajistar tambarin kasuwanci yake nema. Zanen kwali kuwa haƙƙin mallaka ne ke kare shi, wanda tun Yarjejeniyar Bern ta 1886 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta aka tsaya a kan cewa ba ya jiran rajista, da an zana ya tabbata. Akwai ma ƙofa ta huɗu, ta kare siffar kaya, yadda abu yake a ido, amma fitilata ba ta da wata siffa da za a yi rigima a kanta, sai na bar wannan.

Bincike shi ne aikin da na fi amfana da shi, kuma kyauta ne. Ofishin fatent na Turai yana da rumbu a intanet mai suna Espacenet, da takardu sama da miliyan 100, akwai kuma Google Patents. Na zauna dare bayan dare ina buɗe zane-zanen mahaɗai, na kwamfutar cinya, na madubin mota, na fitilun asibiti. Nan jikina ya yi sanyi. Juyawa da tsayawa ba tare da noti ba, abin da nake taƙama da shi, mutane sun yi shi tun kafin a haife ni. Abin da ban gani a ko'ina ba shi ne wasu 'yan haƙora guda biyu da na fitar a cikin zoben robar da ke cikin mahaɗin, masu cizon sandar da faifan ke juyawa a kai in an sake shi. A kan waɗannan haƙoran kaɗai aka gina buƙatata.

Duk takardar fatent tana ƙarewa da wasu jimloli masu lamba, inda mai ƙirƙira ke fayyace ainihin abin da yake cewa nasa ne. Su ne iyakar gonarka. In ka ja ta da faɗi ka shiga gonar wani, mai duba takardu zai dawo da kai baya. In ka matse ta, maƙwabci zai yi shuka daf da kai ba abin da za ka ce. Barista ta rubuta jimla ta farko ta sake ta har na gaji, muna jayayya a kan ko a ce "haƙora biyu" ko a ce "aƙalla haƙori ɗaya". Na biyun muka ɗauka, don wanda ya sa uku kada ya kuɓuce. Duk abin da mutum zai yi da kansa don rage kashe kuɗi, ban ba shi shawarar ya rubuta waɗannan jimloli da hannunsa ba. Bayan an shigar, ba a yarda ka ƙaro wani sabon abu da ba ya cikin bayanin farko.

Fatent ciniki ne tsakaninka da hukuma, ba kyauta ba. Za a hana kowa ƙerawa ko sayar da abinka na shekara 20 daga ranar shigarwa, kai kuma za ka bayyana yadda ake yin sa dalla-dalla, yadda duk mai sana'ar zai karanta ya haɗa. Yawanci bayan wata 18 ake wallafa takardar kowa ya gani, ko an amince da ita ko ba a amince ba. Shi ya sa haɗin gam ɗin da nake toshe bakin batir da shi ban saka shi a ciki ba. Ba ya cikin abin da nake nema a kare, kuma wanda ya buɗe fitilar ba zai gane ma'aunin ba, sai na bar shi a matsayin sirrin sana'a. Masu man WD-40, wanda ake fesa wa ƙarfe don tsatsa, haka suka yi da nasu haɗin, ba su taɓa yi masa fatent ba.

Sai maganar ƙasashen waje, inda aljihu ke fara kuka. Babu wani abu wai shi fatent na duniya. Takardar da ƙasa ta ba ka a bakin iyakarta take tsayawa. Abin da Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta tanada shi ne lokaci: in ka shigar a gida, kana da wata 12 ka shigar a sauran ƙasashen yarjejeniyar a lissafa maka da ranar farko, tambari kuma wata 6. Tsarin PCT na shigar da buƙatar fatent guda ɗaya don ƙasashe da yawa, da aka ƙulla a 1970, wanda WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya, ke gudanarwa, yana miƙa wa'adin zuwa kusan wata 30 a ƙasashe sama da 150, ya kuma ba ka rahoton bincike da zai nuna maka ko abin naka zai kai labari. Amma a ƙarshe sai ka bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin fassara, da lauyan can, da kuɗin raya takarda da ake biya a kai a kai. Na zaɓi ƙasar da nake sayarwa da ƙasar da ake zuba min roba, na saki sauran.

Tambari ya fi sauƙi, kuma a ganina ga ƙaramin mai sana'a ya fi fatent amfani nesa ba kusa ba. Fatent yana mutuwa, tambari kuwa muddin kana sabunta shi, a yawancin ƙasashe duk shekara 10, yana nan. Na zo da sunaye a rubuce, Barista ta bi su tana sokewa. Duk wanda ke bayyana kayan, irin mai haske ko mai ƙarko, ta ce ba za a ba ni ba, don sauran masu fitila ma suna da haƙƙin cewa tasu tana da haske. Suna mai ƙarfi shi ne wanda aka ƙago, kamar Kodak da George Eastman ya yi wa rajista a 1888, ko kalmar da ba ta da alaƙa da kayan, kamar Apple a jikin kwamfuta. Na kuma nuna mata takardar rajistar kamfanina, ta ce wannan sunan kamfani ta kare, ba sunan da ke jikin kaya ba. 'Yan kasuwa da yawa a nan suke kwana da ido rufe.

Ba a yi wa suna rajista a kan komai da komai. Akwai tsarin da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957, wanda a yau ya kasa kaya da ayyuka gida 45: 34 na kaya, 11 na ayyuka. Fitilu suna gida na 11, batir da faifan sola suna gida na 9, kuma kowane gida da kuɗinsa. Shi ya sa ake samun Delta mai jiragen sama da Delta mai kan famfo, kowa na harkarsa. Na nemi gida biyun. Bayan an wallafa sunan don mai ƙorafi ya fito, sai ga wasiƙa daga wani kamfanin batura mai suna da ya yi kama da nawa a furuci. Ba mu je gaban kowa ba. Na cire batir daga jerin kayana, na bar faifai da fitilu, suka janye.

A makonnin nan ne wata takarda ta iso mai hatimi da lambar buƙatata daidai, tana neman in biya kuɗin "shigarwa a kundin duniya" cikin gaggawa. Na aika wa Barista hotonta, ta amsa da cewa in jefa ta a shara. Masu wannan sana'a suna kwasar sunaye da adireshi ne daga abin da hukuma ta wallafa, kuma WIPO da ofisoshin ƙasashe sun sha gargaɗi a kansu. Barista ce kuma ta sa na koma wurin wanda ya zana min tambari ya rubuta cewa ya miƙa min haƙƙin zanen, domin a dokokin ƙasashe da dama biyan kuɗin aiki kaɗai bai mayar da zane naka ba. Alamar ®, mai nuna cewa an yi wa tambari rajista, ita ma sai da takarda ta fito na buga ta a kwali. Sa ta kafin nan laifi ne a wurare da yawa.

Abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani shi ne, hukuma takarda take bayarwa, ba ta yi maka gadi. Ba wanda zai zaga kasuwa yana duba ko an kwaikwaye ka. Kai za ka gani, kai za ka rubuta wasiƙa, kai za ka biya lauya. In kuma ka ajiye tambarin ba ka amfani da shi, wani zai iya neman a soke shi, bayan shekara 5 a Tarayyar Turai, a Amurka kuwa shekara 3 sun isa a ɗauka ka yi watsi da shi. Don haka nake adana rasitai da hotunan kwali masu kwanan wata.

Kwaikwayo kam ya zo, iri biyu. Na farko ya ɗauki sunana sukutum ya liƙa a wata fitila yana tallarta a wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Na cike fom ɗin ƙorafi, suka nemi lambar rajistar tambari, na ba su, suka sauke tallar. Na biyu ya fi wayo. Sunansa daban, kwalinsa daban, amma faifansa yana juyawa yana tsayawa kamar nawa. Na sayi guda na fasa ta a kan teburin Barista, muka ciro zoben muka duba. Babu haƙori ko ɗaya, wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya sa yana danne sandar. Ta karanta jimlarmu ta farko a bayyane, ta ajiye takardar ta ce, "Malam, wannan bai taɓa ka ba." Fitilarsa tana nan ana sayarwa, tawa ma haka.