Kuskuren da na yi ina shugaban 'yan bautar ƙasa a Gboko

Ƙannena masu shirin tafiya bautar ƙasa, ku ba ni aron kunnuwanku. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro shirin nan a 1973, bayan yaƙin basasa, don a cakuɗa mu mu san juna. Ni Gboko aka tura ni, ƙasar Tibi a jihar Binuwai, aka kuma ɗora mini shugabancin ƙungiyarmu ta aikin raya al'umma, mu 14, kowa da yarensa.

Na tashi a gidan da ba a musu da babba a bainar jama'a. In kana da gyara, sai ka bari a watse ka same shi a gefe. Da wannan ma'auni na auna kowa, kuma nan na ɓata.

Akwai wani Inyamuri... a'a, Ibo, don har wannan sunan sai a can na gane yana yi musu ciwo, na daina. Duk zama sai ya miƙe ya tambayi inda kowace naira ta shiga. Na ɗauka raini ne, na daina ba shi dama. Ashe a taron garinsu haka ake yi, kowane magidanci yana da bakin magana, kuma wanda ya tsananta tambaya shi ne ya ɗauki tafiyar a matsayin tasa. Wata Bayarabiya da ta girme mu ta ja baya, saboda na raba ayyuka ban fara jin ta bakinta ba. 'Yan uwana Hausawa kuwa shirunsu na ɗauka yarda ce, alhali kawaici suke yi mini.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne ana tsakar taro sai in juya harshe mu yi Hausa da ma'aji, wanda ni na zaɓo shi don namu ne. Ko kwabo ba mu ci ba, amma wa zai yarda?

Wani dattijo Batibi ne ya koya mini maganarsu, “ya na angbian”, wato ci ka ba ɗan'uwanka. Muka mayar da jagorancin zama karɓa-karɓa, aka sake zaɓen ma'aji, ake karanto lissafi a gaban kowa.

In an ba ka shugabanci, tun zaman farko ka tambayi kowa yadda ake yanke shawara a garinsu. Mai shiru ka bi shi har masauki ka ji cikinsa, mai yawan tambaya kuma ka damƙa masa littafin lissafi.