Ramin da ba a rubuta ba, ɓarna ce kawai

Ƙannena masu karatun tarihi da tonon kayan da ke ƙarƙashin ƙasa, ku sani duk mai tono ɓarna yake yi, komai iliminsa. Ƙasar da kuka ɗebe ba ta komawa yadda take. Da zarar an ɗauke tsingaro daga inda ya kwanta shekaru aru-aru, shaidar da ta rage ita ce abin da aka rubuta. Na san wannan tun ina ɗalibi, amma ban yi aiki da shi ba sai da na yi asara.

Mutumin da nake so ku sani shi ne Vasile Pârvan na ƙasar Romaniya. An haife shi a 1882 a yankin Bacău, ya yi karatu a Bukarest, ya wuce Jamus inda ya yi digirin digirgir a Breslau. A 1910, yana da shekara 28 kacal, aka ba shi shugabancin gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Bukarest. A 1914 ya fara tono a Histria, wani birni da Girkawan Miletus suka kafa a gaɓar Bahar Aswad a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rairayin da ruwa ke kwasowa ya toshe mashigar jiragen garin a hankali, har aka watse aka bar shi kufai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne saurin alƙalaminsa. Rubuce-rubucen da ya tono a jikin duwatsu a 1914 da 1915, ya wallafa su a 1916. A shekarar nan yaƙin duniya na farko ya shigo yankin Dobruja, inda Histria take, aiki ya tsaya cak. Da ya ce sai ya gama tone birnin kafin ya rubuta, da har yau ana jira, domin bayan fiye da shekara ɗari ana ci gaba da tono a Histria.

Ni kuwa na ce sai na gama. Mun yi tono a wani kufai ina matashi, muka samu tsingaro da dalma da ragowar maƙera, komai a buhunsa da 'yar takardar da ke nuna rami da zurfi. Na ajiye littafin aiki a akwati, ina jiran ranar da zan samu sukuni in rubuta cikakken rahoto wanda ba mai kushe shi. Aikin ofis ya taso, aure ya zo, damina ta bi damina. Ranar da na koma ɗakin ajiya, gara ta cinye takardun buhunan, danshi ya manne shafukan littafin. Kayan suna nan, amma ba wanda zai iya cewa wannan daga wane rami ya fito, ko wanne ya riga wanne. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Tarihin mutanen wani gari ne ya salwanta a hannuna, kuma dattawan da suka nuna mana wurin sun riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ku rubuta rahoton kowane zangon aiki kafin ku fara na gaba, ko da shafi goma ne, ko da kuna ganin bai kai ba. Rahoto mai gyara ya fi wanda ke cikin kai. Ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin aiki a ranar da kuka cike shi, ku ba wani kwafi ya ajiye a wani wuri daban. Lambar rami kuma a rubuta ta a jikin kayan da tawadar da ba ta gogewa.

Kuskurena na biyu rowa ce. Na ɓoye abin da na samu don kada wani ya riga ni bugawa. Pârvan ya yi akasin haka. Ya kafa makarantar Romaniya a birnin Rum don matasan ƙasarsa su je su ƙaro ilimi, ya kafa mujallar Dacia a 1924 don duniya ta karanta abin da suke tonowa, ya tura ɗalibansa irin su Radu Vulpe da Vladimir Dumitrescu su riƙe nasu wuraren tono. Babban littafinsa Getica, kan mutanen da suka zauna ƙasar kafin zuwan Romawa, ya fito a 1926. Masana na baya sun gyara wasu ra'ayoyinsa, kuma sun iya gyarawa ne saboda ya shimfiɗa hujjojinsa a fili.

Ya rasu a watan Yunin 1927 yana da shekara 44, sanadiyyar ciwon afendis da bai nemi magani da wuri ba. A nan kam kada ku bi shi. Idan ciki ya matsa muku kuna daji, ku miƙa littafin aiki ga mataimakinku ku nufi asibiti, wanda ke nufin tun farko sai kun koya masa yadda ake cike shi.