Asabar, ni da kwalin takalmin surukata

Yau dai ban tsinana komai a gidan nan ba, ko wanki ban taɓa ba, tun ƙarfe goma nake gaban kwamfuta ina cigiyar mutumin da ya mutu tun ba a haifi kakata ba. Surukata ce ta jajiɓo min, jiya ta zo da wani tsohon kwalin takalmi cike da takardu wai tunda ni ce mai haƙurin gidan in taya ta gano inda kakan babanta ya fito. Nace Mama ba kince Jamus ba? Tace eh Jamus, amma ina a Jamus? Nan fa ɗaya. Kamar ka sauka tasha a Kano ne kace Malam Musa kake nema.

A nan Milwaukee ta Amurka dama duk inda ka juya sunan Jamusawa ne, a shago, a titi, a maƙabarta, to na ɗauka abin zai zo da sauƙi. Na fara da ƙidayar Amurka. Ta 1890 babu, yawancinta ta tafi a gobarar 1921. Ta 1900 ce ta fitar min da shi, ya shigo 1882, wurin haihuwa kuma Jamus kawai aka rubuta aka yi gaba. Kuma a wannan shekarar kaɗai Jamusawa wajen 250,000 suka shigo ƙasar nan, sai ki nemo naki.

Oga ya leƙo da kofin shayinsa yana bani labari wai a Ellis Island, tsibirin New York inda ake tantance baƙi masu shigowa Amurka a da, aka sauya musu sunan gida, haka ya taso ya ji. Nace yallaɓai Ellis Island sai 1892 aka buɗe ta, naku ya riga ta da shekara goma, ta Castle Garden, tsohon wurin karɓar baƙi na New York, ya bi, kuma tun daga tashar da jirgi ya taso ake rubuta sunayen fasinja. Mutane ne da kansu suke sauke ɗigo biyun nan na kan wasali, Müller ya wayi gari Muller ko ma Miller. Bai ji daɗi ba, ya koma kallon ƙwallonsa.

Daga nan addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa ta tashar jirgin ruwa ta Hamburg ya taso ba ta Bremen ba, don mutanen Bremen sun riƙa zubar da tsofaffin jerin fasinjojinsu saboda rashin wurin ajiya, yaƙi ya zo ya ƙarasa wasu. Na Hamburg kuwa suna nan, daga 1850 har 1934, kuma suna rubuta garin da mutum ya baro, shi ne ma duk amfaninsu. Na buga sunan, mutum uku suka fito suna ɗaya sak, gari daban daban. Na tashi nayi azahar tukuna.

Cikin kwalin akwai wasiƙa ɗaya, takardar ta yi ruwan ƙasa, inda aka ninke ta har ya tsage an liƙe da salatif. Da tsohon rubutun hannunsu ne da suke kira Kurrent, wanda tun 1941 aka cire shi daga makarantu har yaran Jamus na yanzu ma ba sa iya karantawa balle ni. E ɗinsu kamar n, n kamar u in ba don wata 'yar ƙugiya da ake sa wa u a ka ba, wallahi ji nayi kamar an miƙo min ajami ba wasali. Ban ma yi gigin karanta wasiƙar ba, layin sama kawai na kama inda ake sa gari da kwanan wata, na buɗe jadawalin haruffan a waya ina bi ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Wajen la'asar ya fito. Ya yi daidai da garin mutum na biyu, wani ƙauye a yankin Pommern kusa da birnin Stettin. Na duba taswira babu shi, ashe tun 1945 yankin ya koma Poland, Stettin ɗin ma yanzu Szczecin ce, ƙauyen kuma da sabon sunansa.

Sana'arsa a takardar jirgi, lebura. Mama kuwa shekara da shekaru tana cewa masu filaye ne. A ƙasan jirgi ya yi tafiyar inda talakawa ke cunkushewa, shi da matarsa da jaririya 'yar wata tara. Jaririyar ce ta tsaya min a rai, na koma ƙidayar 1900 inda ake tambayar mace 'ya'ya nawa ta haifa nawa ke raye, ta haifi 7, saura 5. Ban ga yarinyar a ko'ina ba.

Bayan magariba na kira Mama na karanto mata. Maganar lebura ko a jikinta, shiru tayi sannan tace in sake faɗin sunan jaririyar a hankali zata rubuta, wai ba wanda ya taɓa ambatonta a danginsu.

Saura littafin coci, don rajistar haihuwa ta hukuma sai 1874 aka fara ta a Prussia, masarautar da Pommern ke ciki a lokacin, shi kuma ya girme ta. Wannan sai gobe in Allah Ya kai mu. Indomie yara suka ci yau.