Godiya daga gidanmu bayan sujadar Lahadi

Salama gare ku 'yan'uwa. Sai yau na samu zama, tun da muka tashi daga sujadar godiyar ƙanwata jikina kamar an yi min duka, waya kuma cike da kira da saƙonni, dan Allah ku yi haƙuri ba zan iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba, ku karɓi wannan.

Ba sai na maimaita labari ba, yawancinku da ku aka yi, tun daga doguwar naƙudar nan da yaron bai zo da rai ba har yoyon fitsarin da ya biyo baya. Ta warke. An cire robar fitsari, ta bushe, yanzu a katifa take kwana ba shimfiɗa leda. Ubangiji ya sa wa likitoci da nas-nas na cibiyar yoyon fitsari ta Jankwano a Jos albarka, tun 1992 suke wannan aiki kuma ba su karɓi ko sisi na tiyata ba. A can ne wata nas ta zaunar da mu ta ce kan yaro ne ya daɗe yana danne mafitsara jikin ƙashi har naman wurin ya mutu ya huje, ba maita ba ce, ba kuma horon wani zunubi ba ne. Na so a ce wasu mutanen garinmu suna wurin suka ji da kunnensu.

Amma abin da ya hana ni barci har na ɗauki waya shi ne Mama mai ƙosai ta bakin coci. Ta ce kar in kuskura in ambace ta, to Mama ki yafe min, na ambata.

Kun dai tuna lokacin da yarinyar nan ta daina shiga cikin majami'a. Gindin dogon yaro take zama wajen taga, tsumma a ƙarƙashinta, ba ta shan ruwa tun daren Asabar wai don kar ya zubo da yawa, ashe hakan ma ƙara wa fitsarin ƙarfin wari yake. Ba wanda ya kore ta da baki, gaskiya ɗaya ce, amma in ka zauna a benci mutane suka dinga matsawa a hankali suna fifita da hankici ai ka gane. Ran nan ana shirin Jibin Ubangiji sai Mama ta fito ta kama hannunta ta ce tashi 'yata, teburin nan ba na masu turare ba ne kaɗai. Ta ja ta har layin gaba inda Zumunta Mata suke zama. Ni ina baya cikin mawaƙa gabana sai faɗuwa yake, don na san dole a miƙe tsaye, na kuma san abin da za a gani a bencin. Aka ce a miƙe. Kafin kowa ya juya Mama ta fasa ledar ruwan da ke hannunta a kan bencin da gangan, ya jiƙa mata zani ya jiƙa na kusa da ita, ta ɗaga murya wai kai tsufa bai yi ba, ku ga ɓarnar da na yi. Aka yi dariya aka kawo tsumma aka goge. Yarinyar nan ta karɓi gurasa da ƙoƙo tana kuka, ni ma baitin da nake ja ya maƙale min a wuya.

Bayan sati Pasto ya yi wa'azi daga Markus 5, matar nan mai zubar jini shekara 12 da ta taɓa rigar Yesu cikin taro, bai tsawata mata ba sai ma ya kira ta 'yarsa. Bai kalli kowa ba, amma masu hankici sun sunkuyar da kai. Baba Pasto mun gode. Maman Pasto da ta riƙa aiko sabulu da omo a ɓoye, shugabar Zumunta Mata da ta zagaya da kwano aka haɗa kuɗin mota, matasa da suka yi mana noma, direban da ya ƙi karɓar kuɗin kujera biyu, da baiwar Allah Musulma 'yar wajen Bauchi da gadonsu yake kusa, wadda ta riƙa raba furarta da ita in na fita, Ubangiji ya tuna da ku ranar bukatarku, ya rufa muku asiri yadda kuka rufa mana, kada ya bar 'ya'yanku mata su ga irin wannan naƙuda, ya warkar da waɗanda muka baro a gadon asibiti, cikin sunan Yesu, amin.

Dangin mijinta kuwa mun ga saƙonku na fatan alheri, mun gode. Kujerun da muka ware muku ran Lahadi baƙi ne suka zauna a kai. Ƙila hanya ce ba kyau. Tunda an fara tambayar yaushe za ta koma ɗakinta, likita ya ce sai watannin da ya ɗiba sun cika, ba ɗaukar kaya mai nauyi, in kuma Allah ya kawo wani cikin a asibiti za ta haihu ta tiyata, wannan ba abin shawara ba ne.

Masu kuloli da tukwane suna nan an wanke, akwai wata babbar kula ja da ba mu san mai ita ba, a zo da yamma a duba.